BABBAN GWANI MUHAMMADU DURUGU, MAGININ ZAZZAU

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Zariya kamar ni ya san Unguwar Babban Gwani. Amma da yawa daga cikinmu 'yan makaranta sunan kawai muka sani, ba mu san mai sunan ba. Don haka na ga ya kamata in ɗan ba 'yan'uwana ɗalibai tarihin wannan bawan Allah, in kuma nuna yadda aikinsa ya dace da abin da ake koya mana a darasin kimiyya game da zafi da haske da sauti da yanayi.

Sunansa Muhammadu Durugu, waɗansu littattafai kuma suna kiransa Malam Mika'ilu. Babban Gwani laƙabi ne na shugaban magina, watau wanda babu na sama da shi a sana'ar. Ya yi zamani da Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, shi ne sarki na uku na Fulani bayan Malam Musa da Yamusa. Wannan sarki ne ya sa shi gina Masallacin Juma'a na ƙofar fada, har da ɗakin shari'a da wuraren alwala. Sunansa bai tsaya a Zazzau ba. Shi ake danganta wa Gidan Madaki na Kafin Madaki a ƙasar Bauchi, wanda aka gina a 1860, gwamnati kuma ta sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa a 1956.

Kayan aikinsa ba su wuce abin da ke kewaye da shi ba: jar ƙasa da ciyawa da tubali da azara. Azara kuwa itacen giginya ne da aka tsaga, gara ba ta cika cinsa ba. Sai dai azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin rufin soro idan faɗin ɗaki ya wuce kamar mita 2. To, yaya za a rufe wurin da ɗaruruwan mutane za su yi sahu? Dabarar ita ce bakan gizo. Ana dasa azara cikin ginshiƙi, a ɗaure wata a kanta ta ɗan zarce, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe, sannan a ƙara wata, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Da haka nauyin rufin yake bin bakan ya sauka ƙasa ta ginshiƙai. Magina sun san wannan dabara kafin shi, amma shi ne ya kai ta inda ba a taɓa kai ta ba.

Bari mu fara da zafi. An koya mana cewa ƙarfe yana saurin ɗaukar zafi ya miƙa shi gaba, ƙasa kuwa a hankali take yi. Katanga mai kauri takan wuni tana shan rana a watan Maris da Afrilu, amma kafin zafin ya ratsa ta ya shiga ciki, rana ta faɗi. Da dare kuma sai ta riƙa sakin ɗumin nan kaɗan-kaɗan, abin da ke da amfani ƙwarai lokacin hunturu, sa'ad da busasshiyar iska ke kaɗowa daga arewa maso gabas. Ban da wannan, iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, saboda haka sama take tashi. Shi ya sa rufi mai tsawo yake barin masu salla a ƙasa cikin sanyi. Wanda ya taɓa zama ajinmu mai rufin kwano da azahar ya san bambancin.

Haske kuma a miƙe yake tafiya, ba ya lanƙwasa. Idan taga ƙarama ce, kuma tana can sama cikin katanga mai kauri, hasken rana kaɗan ne ke faɗowa kai tsaye. Sauran sai ya bugi bango ya warwatsu, ɗaki ya yi haske mai laushi wanda ba ya kashe ido, ba ya kuma kawo zafi.

Sauti shi ma haka. Yana tafiya cikin iska kamar igiyar ruwa, wajen mita 340 a daƙiƙa ɗaya, in ya bugi bango mai santsi da tauri sai ya dawo, shi ne amsa-kuwwa. Bangon ƙasa mai zane-zane da lungu-lungu yakan shanye wani sashe ya watsa saura, don haka maganar liman ba ta cakuɗewa da amsawarta. Mu tuna fa, a zamanin nan babu lasifika. Haka kuma rufin soro ba ya ƙara idan ana ruwa, ba kamar kwano ba da ke hana mu jin malami.

Babban abokin gaban ginin ƙasa shi ne ruwan sama. Zariya takan sami wajen milimita 1,000 a shekara, galibinsa daga Mayu zuwa Satumba. Maganin da magina suka yi masa shi ne rufi mai ɗan tudu da indararo mai jefa ruwa nesa da gindin katanga, da shafen makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, da kuma yaɓe bayan damina. Watau ginin ƙasa kamar dabba yake, sai da kiwo.

Game da ƙarshen Babban Gwani, labarin da dattawa ke bayarwa shi ne, bayan ya gina masallaci a Birnin Gwari sai aka kashe shi don kada ya je ya gina wa wani sarki wanda ya fi shi. Allah ya jiƙansa da rahama.

Masallacinsa na Zariya ya daɗe bayansa. A cikin shekarun 1970 aka kewaye shi da ginin siminti. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na rufin ya rufta, mutane da dama suka rasu. Allah ya gafarta musu. A lokacin ginin ya kusa shekara 190.

Abin da ke damuna shi ne, gini in ya faɗi ana iya tada wani, amma ilmi in ya bi masu shi kabari, shi ke nan. Tsofaffin maginan da suka iya ɗaura bakan gizo suna ta ƙarewa, mu kuwa da muke koyon dalilan abin a aji ba mu iya ko dunƙula tubali ba. Shawarata ga ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu ita ce, mu ɗauki ma'aunin zafi mu shiga birni, mu auna zaure da ɗakin kwano safe da rana da dare, mu kuma zauna gaban dattawan magina da littafi da alƙalami tun suna da rai. Allah ya sa mu dace, amin.