Owen Richardson, Mutumin Da Ya Gano Sirrin Waya Mai Zafi

Dattawan Tudun Wadan Zariya suna tune da akwatin rediyon da, wanda in an kunna shi ba ya magana sai ya ɗauki zafi. Wata 'yar waya ce a cikin kwalba ake jira ta yi ja. Mutumin da ya bayyana dalilin wannan shi ne Owen Willans Richardson, masanin kimiyya na ƙasar Ingila.

An haife shi ran 26 ga Afrilu, 1879, a garin Dewsbury. Ya gama karatu a Jami'ar Kambirij a 1900, ya zauna nan yana bincike. Tun kafin lokacin, Edison ya lura cewa lantarki yana fita daga waya mai zafi, amma bai san dalili ba. A 1901 Richardson ya gasa wayar filatinam cikin kwalbar da aka zuƙe iskarta, ya auna, ya ga ƙwayoyin lantarki, watau elektiron, suna tashi daga jikin ƙarfen kamar yadda tururi ke tashi daga tafasasshen ruwa. Ƙarin zafi kaɗan yakan ninka yawansu sau da dama.

Ba kowa ya yarda ba. Wasu masana sun nace cewa ragowar iskar da ke cikin kwalbar ce ke haɗuwa da ƙarfen ta haifar da lantarkin. Sai a 1913, yana koyarwa a Jami'ar Princeton ta Amurka, ya kashe gardamar da wayar tangistin, ya nuna nauyin elektiron ɗin da suka fita ya zarce na duk abin da zai iya ƙonewa a ciki. A ganinmu, nan ne gwanintarsa ta fi fitowa.

Har yau masu ƙera madubin elektiron mai nuna ƙananan halittu suna aiki da lissafinsa. In suka ƙara wa wayar zafi hasken ya yi ƙarfi, amma wayar ta siranta ta tsinke da wuri.

Ya koma Landan a 1914, ya zama Shehun Malami a King's College. An ba shi lambar Nobel ta 1928, aka naɗa shi Sir a 1939. Ya rasu ran 15 ga Fabrairu, 1959, a garin Alton, yana da shekara 79.