Nana Asma'u 'Yar Shehu da Makarantarta ta Manya

Yawancinmu 'yan wannan ƙungiya mun san sunan Nana Asma'u tun muna 'yan aji ɗaya, domin da wuya a sami babban gari a Arewa da babu makaranta ko ɗakin kwanan 'yan mata mai ɗauke da sunanta. Amma in ka tambayi mutum abin da ta yi, sai ya ce 'yar Shehu Usmanu ce, ta kuma yi waƙoƙi, daga nan ya tsaya. Ni kuwa abin da ya fi jan hankalina a rayuwar wannan baiwar Allah shi ne makarantar da ta kafa wa mutanen da kowa ya ɗauka lokacin karatunsu ya wuce. Shi ne dalilin da ya sa na zaɓe ta da aka nemi in kawo tarihin wani magabaci a wannan fitowa.

An haife ta a shekarar 1793, lokacin Shehu yana zaune a Ɗegel cikin ƙasar Gobir. Tagwaye ne ita da Hassan, amma maimakon sunan da aka saba raɗa wa 'yan biyu, sai Shehu ya sa mata Asma'u. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, saboda haka a hannun sauran matan Shehu ta tashi. Gida ne da karatu bai bar mace a baya ba. A nan ta haddace Alƙur'ani, ta yi fiƙihu da tauhidi da tasawwufi, ta kuma iya Larabci da Fulatanci da Hausa da harshen Buzaye.

Ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Shekarun da suka biyo baya na yaƙi ne da yunwa da tashi daga wannan sansani zuwa wancan, har aka ci Alƙalawa a 1808. A cikin wannan hali aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Shi ma marubuci ne, kuma bayan rasuwar Shehu a 1817 su biyun sun yi ɗawainiyar tattara rubuce-rubucen Shehu da labarin zamaninsa.

To, bari mu zo ga makarantar. Da ƙura ta lafa, sai daula ta sami kanta da ɗimbin mata a ƙauyuka waɗanda ba su san ko bihim ba. Da yawansu Gobirawa ne, wasu ma kamammun yaƙi ne, gaskiya ɗaya ce. Ba sa jin Larabci, ba sa jin Fulatanci, kuma abin da suka gada na neman magani da kwanciyar rai shi ne bori. Malami namiji ba zai shiga cikin gidajensu ba, matar aure mai goyo kuwa ba za ta bar miji da 'ya'ya ta tafi birni ɗaukar karatu ba. Wani zai ce a bar su, a kama yara masu tasowa. Asma'u ba ta yarda da haka ba.

Tsakanin shekarun 1830 da 1840 ta tsara abin da aka sani da 'Yan Taru. A kowane ƙauye sai a sami dattijuwa mai hankali da mutunci, a naɗa ta jaji. Wannan suna na fatake ne, na mai jan ayari, kuma ya dace da aikin. Jaji takan tara tsofaffin mata waɗanda hidimar haihuwa ta sake su, da 'yan mata waɗanda ba su kai aure ba, ta ja su a ƙasa har gidan Asma'u. Sukan zo da ɗan abin sadaka, hatsi ko zuma ko zane, wanda ake rabawa mabukata. Su yi kwanaki ana biya musu karatu, sa'an nan su koma su koya wa matan auren da suka bari a gida. Wato tsohuwar da mu a yau za mu ce ta zauna ta yi jiran jikoki, ita ce ɗaliba, ita ce kuma malama.

Akwai wata dabara a naɗin jaji da ta cancanci a tsaya a kanta. A Gobir, Inna ita ce shugabar mata kuma uwar 'yan bori, alamarta kuwa malfa ce. Asma'u ba ta jefar da malfar ba. Sai ta ɗora wa jajinta ita, ta naɗe da jan rawani. Matan ƙauye da suka ga malfa sun san mai ita shugaba ce, ba sai an yi musu bayani ba, amma abin da ke bakinta ya sake. A wurin aiki na sha ganin an kawo sabon shiri daga sama, da sabon suna da sababbin kujeru, a rushe wanda jama'a suka saba da shi, bayan shekara biyu a neme shi a rasa. Ita ta gina nata a kan abin da ta tarar.

Littattafan makarantar waƙoƙi ne, domin mai daka da mai kaɗi suna iya rera waƙa hannunsu na aiki, ba sa buƙatar fitila ko takarda. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 a gajeriyar waƙa don sauƙin hadda. Ta mayar da waƙar mahaifinta zuwa Hausa, wadda muka sani da Tabbat Haƙiƙa, har gobe ana rera ta. Ta yi waƙa a kan mata salihai tun daga iyalan Annabi (SAW) har zuwa matan zamaninta, don ɗalibanta su san suna da magabata. Ta kuma rubuta littafi da Larabci a kan magani da addu'a, wanda ya tsaya a gurbin abin da mata suke zuwa nema wurin 'yan bori.

Ba ta bar tarihi a baya ba. Waƙar Gewaye, wadda ta yi da Fulatanci ƙanenta Isan Kware ya mayar Hausa, labarin jihadi ce daga bakin wadda aka yi a gabanta, zango bayan zango. Ɗegel, Gudu, Tafkin Kwatto, Alwasa, Gwandu, Alƙalawa, Sifawa, Sakkwato: waɗannan wurare suna nan, ba su tashi ba. Mu da muka haddace sunayensu don cin jarrabawa, mutum nawa ne cikinmu ya taɓa taka ko biyu daga ciki? Kowace shekara muna haɗuwa mu ci abinci, mu saurari jawabai, mu watse. Da za a ware kwana biyu, a ɗauki mota guda da malamin tarihi guda, a bi sawun wannan waƙa, ina ganin da yawanmu za su koyi abin da ba su koya ba tun ranar da suka karɓi takardar shaida. Wannan shawara ce ga shugabannin ƙungiya.

Wani reshe na aikinta shi ne marsiyya. Ta yi wa Bello da ya rasu a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, ta kuma yi wa wasu matan da ba su da wata sarauta, sai dai kirki da taimakon maƙwabta. Ba don ita ba, da ba wanda zai san an yi su. Malamai na nesa ma sun san da zamanta, suna aiko mata da wasiƙu tana ba su amsa.

Allah Ya yi mata rasuwa a 1864, tana da shekara saba'in da ɗoriya, aka binne ta a Hubbaren Shehu kusa da mahaifinta. Allah Ya jiƙanta da rahama. Ƙanwarta Maryam ce ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru, kuma tsarin ya rayu har bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Takardunta kuwa zuriyarta ta gidan Waziri ce ta adana su. A hannun marigayi Waziri Junaidu wata Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta same su, ta fitar da tarihin Asma'u a 1989. A 1997 kuma ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga ayyukanta sama da 60 a littafi guda, da rubutun asali da fassararsa.