King Camp Gillette: Mutumin da ya ƙirƙiro rezar aski ta zamani

King Camp Gillette, Ba'amurken da hotonsa ya shafe shekaru da dama a jikin takardar da ake naɗe reza, ya yi dukiya ne da wani ɗan siririn ƙarfe da ake aski da shi a yar. Sai dai shi kansa ya ɗauki wannan sana'a a matsayin ƙaramin abu, domin babban burinsa shi ne ya kawar da tsarin jari-hujja daga doron ƙasa.

An haife shi ranar 5 ga watan Janairun 1855 a garin Fond du Lac na jihar Wisconsin, ya kuma tashi a birnin Chicago. Gobarar da ta cinye wani babban ɓangare na birnin a 1871 ta lashe dukiyar iyayensa, abin da ya sa ya shiga neman na kansa tun yana saurayi. Ya yi shekaru fiye da ashirin yana yawon tallar kayan kamfanoni daga wannan gari zuwa wancan.

A cikin wannan yawo ne ya yi aiki da William Painter, mutumin da ya ƙirƙiro murfin kwalba irin wanda ake gani a bakin kwalbar lemo. Painter ya ba shi shawarar ya nemi wani abu da mutane za su yi amfani da shi su jefar, sannan su dawo su sayi wani.

A wancan zamani akasarin maza na aski ne da aska mai kama da ta wanzamai, wadda sai an wasa ta a kan dutse, an kuma goga ta a jikin fata. Akwai wasu kayan aski masu kariya da 'yan gidan Kampfe ke ƙerawa a New York, amma su ma bakinsu mai kauri ne, kuma yana buƙatar wasawa. A 1895, yana da shekara 40, Gillette ya lura cewa bakin askar kaɗai ne ke aiki, sauran ƙarfen duk nauyi ne kawai. Sai ya yi tunanin a yi ƙarfe mai sirantaka kamar takarda, mai kaifi ta gefe biyu, a matse shi a cikin mariƙi, in ya dakushe a sa sabo.

Tunani daban, aiki daban. Masana ƙarfe sun shaida masa cewa ƙarfe mai irin wannan sirantaka ba zai yi taurin da zai riƙe kaifi ba, kuma ya yi shekara shida yana fama babu nasara. Wanda ya warware matsalar shi ne William Nickerson, wani mai ƙere-ƙere da ya yi karatu a cibiyar fasaha ta MIT, wanda ya haɗa injinan da ke taurara ƙarfen su kuma fiƙe shi. Idan za a yi adalci, rabin yabon nasa ne, ko da yake ba sunansa aka rubuta a jikin kayan ba.

An kafa kamfanin a birnin Boston a 1901. A 1903, shekarar da aka fara ciniki, mariƙi 51 da reza 168 kacal aka sayar. A shekarar da ta biyo baya, wadda a cikinta ya sami takardar mallakar ƙirƙirar, an sayar da mariƙi fiye da dubu 90, duk da cewa kuɗin kowane ɗaya dala biyar ne, wato kusan rabin abin da ma'aikaci ke samu a mako.

Yaƙin duniya na ɗaya ne ya buɗe masa kasuwa baki ɗaya. A 1918 rundunar sojan Amurka ta sayi mariƙi kimanin miliyan uku da rabi, da reza fiye da miliyan 30. Sojojin sun koma gida sun saba da aske gemunsu da kansu, kuma kowannensu ya zama mai sayen reza.

Abin mamaki, tun a 1894 Gillette ya wallafa wani littafi mai suna The Human Drift, inda ya ce gasar kasuwanci ita ce tushen ɓarna da talauci da aikata laifuka. Ya ba da shawarar a haɗe dukkan masana'antu a ƙarƙashin kamfani guda mallakar jama'a, a kuma tara Amurkawa miliyan 60 a wani makeken birni da zai riƙa samun lantarki daga ruwan Niagara. A 1910 ya yi rajistar wani kamfani domin wannan manufa, har ya yi wa tsohon shugaban ƙasa Theodore Roosevelt tayin dala miliyan ɗaya ya shugabance shi. Roosevelt ya ƙi.

A wajajen wannan lokaci ne ya sayar da akasarin hannun jarinsa ga John Joyce, attajirin da ya ceto kamfanin a farkon kafuwarsa, bayan sun daɗe suna takun-saƙa. Ya ci gaba da riƙe sunan shugaba, amma ya koma California yana zuba kuɗi a gonaki da filaye.

Karyewar kasuwar hannun jari a 1929 ta cinye mafi yawan dukiyarsa. A 1930 kamfanin ya haɗe da abokin hamayyarsa AutoStrop, bayan wata taƙaddama kan haƙƙin mallaka. Gillette ya rasu a Los Angeles ranar 9 ga watan Yulin 1932, yana da shekara 77.

Bayan rasuwarsa kamfanin ya ci gaba da gyara mariƙin. A 1958 ya fito da wani mai lamba daga 1 zuwa 9 a wuyansa, wanda ake murzawa domin a ƙara ko a rage tazarar da ke tsakanin bakin rezar da sandar kariya, gwargwadon taurin gashi da laushin fatar mai aski. A 2005 kamfanin Procter & Gamble ya saye Gillette a kan dala biliyan 57.