Branemark: Likitan Da Ya Sa Ƙashi Ya Kama Ƙarfe

'Yan'uwa, a wannan fitowa mun kawo muku tarihin Farfesa Per-Ingvar Branemark, mutumin ƙasar Suwidin. An haife shi a 1929, ya rasu a 2014. Duk wanda aka dasa wa haƙori yake tauna tsire ba fargaba, to albarkacinsa yake ci.

Abin mamaki, shi ba likitan haƙori ba ne. A 1952, a Jami'ar Lund, yana binciken yadda jini ke gudana cikin ƙashi, sai ya saka ɗan ƙarfen titaniyam a ƙashin ƙafar zomo. Da ya zo cirewa, ƙarfe ya ce ina! Ƙashi ya tsiro ya kama shi gam. Da wani ne da ya yi tsaki ya wuce, shi kuwa ya yi ta bin diddigi.

Sai a 1965 ya gwada a kan mutum, a birnin Gotenbog. Ya dasa ƙusoshin titaniyam 4 a muƙamuƙinsa na ƙasa, ya ɗora haƙora a kai, suka yi masa aiki har ya rasu a 2006. Duk da haka likitocin haƙori sun daɗe suna musu, sai a taron Toronto na 1982 duniya ta sallama.

Dokarsa ita ce kada a ɗora wa ƙusa nauyi sai ƙashi ya kama ta: wata 3 a muƙamuƙin ƙasa, wata 6 a na sama. In tana motsi, nama mai laushi ne zai kewaye ta maimakon ƙashi, aiki ya lalace.

To yaya za a san ta kamu? Da can ƙwanƙwasa ta ake yi a saurari ƙara. Daga shekarun 1990 aka samu na'ura mai girgiza ta kaɗan, ta ba da lamba daga 1 zuwa 100. Daga 70 zuwa sama ta kafu sosai, ƙasa da 60 a dakata. Lambar kan ragu a makonnin farko, sannan ta hau yayin da sabon ƙashi ke tsirowa.

Don haka muna ba da shawara, wanda zai kashe kuɗinsa a dashe ya tambayi likita ko ya auna, kada ya matsa masa. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.