Nana Asma'u 'Yar Shehu: Madubin Macen Wannan Zamani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan uwa Musulmi, a yau idan aka ce mace ta waye, abin da mafi yawan mutane ke dubawa shi ne tufafinta, da wayar da ke hannunta, da harshen Nasara da take ji. Wasu iyaye kuma, saboda tsoron wannan irin wayewa, sai su cire 'ya'yansu mata daga karatu gaba ɗaya, na boko da na addini. Duka biyun sun kauce hanya. Shi ya sa muka ga ya dace mu tuna wa juna rayuwar wata baiwar Allah daga cikinmu, wato Nana Asma'u, Allah Ya yi mata rahama.

An haife ta a Degel a shekarar 1793, ita da tagwayenta Hassan. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir, cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu. Ta tashi a gidan da mata ke karatu kamar yadda maza ke yi. Shehu da kansa, a littafinsa Nurul Albab, ya soki malaman da ke karantar da almajirai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi, ta kuma yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Ba a cikin daula ta girma ba. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Ta ga yaƙi da yunwa da annoba da idonta, har zuwa faɗuwar Alƙalawa a 1808. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta haifi 'ya'ya ta yi renonsu, ɗanta Abdulƙadir ma ya gaji mahaifinsa a wazirci. Aure bai raba ta da alƙalami ba, alƙalami kuma bai raba ta da ɗakinta ba.

Ta bar rubuce-rubuce kusan 60. Daga ciki akwai Waƙar Gewaye, mai ba da tarihin jihadi, da Tawassuli ga Mata Masu Albarka, inda ta jero salihan mata tun daga iyayen muminai har zuwa matan zamaninta. Ita ce ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa. Ta yi wa manya marsiyya, ta kuma yi wa maƙwabciyarta, tana yabon haƙurinta da sada zumuncinta.

Babban aikinta shi ne 'Yan Taru. Bayan yaƙe-yaƙe, ƙauyuka sun cika da matan da ba su san alwala da salla yadda ya kamata ba, da yawa sun koma ga bori. Nana ba ta tsaya ga zaginsu ba. Sai ta zaɓi dattijai mata masu amana, ta naɗa kowace a matsayin jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle alamar jagoranci. Jaji takan taho da tsofaffin mata da 'yan mata daga ƙauyensu, su ɗauki karatu a wajen Nana, su koma su karantar da matan aure a cikin gidajensu. Karatun a waƙe yake, da harshen da suke ji, domin wadda ba ta iya karatu ba ta haddace tana daka ko tana kaɗi. Hatsi da man shanu da suke kawowa sadaka kuwa, mabuƙata ake raba wa. Ta rasu a 1864, aka binne ta a Sakkwato kusa da mahaifinta, 'yar'uwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

To, a nan ne ma'aunin yake. Mutuncin mace yana cikin ilimin da ta sani, da kunyar da ta riƙe, da amfanin da jama'a ke samu daga gare ta. Nana ta san zamaninta sarai, ta san abin da ke damun mutanenta, ta nemo masa magani da kayan aikin da ke hannunta.

Ya ku ɗalibai mata, wadda ta zama likita ko ungozoma ko malamar makaranta, tana tsare da addininta, a kan sawun Nana take. Wayar da ke hannunki tana iya isar da karatu inda jaji take kwana tana tafiya kafin ta kai. Ku kuma iyaye da mazaje, ku sani da Shehu ya hana 'yarsa karatu, da dubban mata sun mutu ba su gyara sallarsu ba. Matanmu na buƙatar mata 'yan uwansu a asibiti da aji, kuma ba za a same su ba sai mun bar su sun yi karatu.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya shirya mana zuriyarmu. Amin.