John Peel: Ɗan rediyon da ya bar faifai kusan 65,000 a gidansa

Lokacin da ciwon zuciya ya kashe John Peel a birnin Cusco na ƙasar Peru ranar 25 ga Oktoban 2004, ya bar wa iyalinsa gadon da ba a san yadda za a yi da shi ba: manyan faya-fayan garmaho kusan 25,000, ƙanana kusan 40,000, ga dubban faya-fayan CD. Sun cika ɗakuna da rumfunan gidansa da ke ƙauyen Great Finborough a gabashin Ingila.

Sunansa na yanka John Ravenscroft. An haife shi ranar 30 ga Agustan 1939 a Heswall, kusa da Liverpool, mahaifinsa kuma ɗan kasuwar auduga ne. Yana matashi ya ji waƙar Elvis Presley mai suna Heartbreak Hotel a rediyo, daga nan kiɗan rok ya shiga ransa, bai kuma fita ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

A 1960 ya tafi birnin Dallas na Amurka, ya taɓa harkar auduga da ta inshora. Da ƙungiyar Beatles ta 'yan Liverpool ta rikita matasan Amurka, sai wani gidan rediyo ya ɗauke shi a matsayin masani a kansu, alhali babbar shaidarsa ita ce daga yankinsu ya fito. A can ne kuma, a 1965, ya auri yarinya 'yar shekara 15. Auren ya mutu, amma maganar ta sake tasowa bayan rasuwarsa, kuma har yau tabo ce a sunansa.

Ya koma gida a 1967, ya kama aiki da Radio London, tashar da ba ta da lasisi, wadda ke watsa shirye-shirye daga cikin jirgin ruwa a kan teku. A nan ya ɗauki sunan John Peel. Shirinsa na tsakar dare ne, lokacin da manyan tashar ke barci, don haka yakan ajiye jerin waƙoƙin da aka ba shi ya sa abin da ransa ke so. Doka ta rufe tashar a watan Agusta, shi kuma ya wuce sabuwar tashar BBC Radio 1, inda ya shafe shekara 37.

Sunayen da yanzu ake kira manyan rok, irin su David Bowie da Pink Floyd da Led Zeppelin da T. Rex, duk sun bi ta shirinsa tun ba su kai ko'ina ba. Sai dai Peel ba mai zama a inuwa ɗaya ba ne. A 1976 ya rungumi wani sabon salon rok mai hayaniya da ake kira punk, tsoffin masu sauraronsa da dama suka yi fushi. Ya sa kiɗan rege na Jamaika, ya gayyato ƙungiyar Bhundu Boys ta Zimbabwe. Mawaƙa fiye da 2,000 ne suka naɗi waƙa musamman domin shirinsa.

Abin mamaki shi ne yadda yake riƙe da wannan tarin kaya ba tare da kwamfuta ba. Daga 1969 ya fara buɗe wa kowane babban faifai katinsa: ya ba shi lamba, ya buga sunan mawaƙi da na waƙoƙi da tafireta, ya jera katunan bisa haruffa. Da agogo a hannu yake auna tsawon waƙa da kansa. Duk da wannan tsantseni, ya yi suna wajen juya faifai da saurin da ba nasa ba ana tsakiyar shiri, abin da masu sauraro suka mayar abin dariya.

Bayan rasuwarsa aka tarar da wani ƙaramin akwatin katako mai ƙananan faya-faye 142, waɗanda ya fi ƙauna. A ciki akwai Teenage Kicks ta ƙungiyar Undertones, wadda ya taɓa sawa sau biyu a jere a 1978.

Kusan shekara takwas tarin yana zaune a gida a hannun matarsa ta biyu, Sheila, wadda ya aura a 1974. A watan Mayun 2012 aka fara ɗora shi a intanet, a wani shafi mai suna The Space na BBC da hukumar raya fasaha ta Ingila. Kowane mako an riƙa fitar da faifai 100 na farko daga harafi guda, tun daga A har Z, wato 2,600 ke nan. A lokacin, mai waya ko kwamfuta na iya ganin hoton kantocin, ya zaro faifai, ya duba bangonsa da katin da Peel ya buga.

Amma nan gizo ke saƙa. Faifan na Peel ne, waƙar da ke ciki kuwa ta mawaƙa da kamfanoni ce, saboda haka dokar haƙƙin mallaka ba ta bari a ɗora sautin ba. A lokacin, mai son ji sai dai a tura shi wasu shafuka irin Spotify, idan an yi sa'a waƙar tana can. Da yawa daga abin da Peel ya tara na ƙananan mawaƙa ne da suka buga kwafi kaɗan suka ɓace.

A 2022 iyalin suka kai wani ɓangare na faya-fayan da kayansa gwanjo a kamfanin Bonhams da ke Landan.