Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, da Kuɗin En'e a Gusau

An haifi Ahmadu Bello a Rabah wajen shekarar 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Rabah, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya gama Kwalejin Katsina cikin 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, cikin 1934 aka naɗa shi sarautar mahaifinsa.

Da Sarkin Musulmi Hassan ya rasu cikin 1938, Abubakar ya hau gado, sai aka ba Ahmadu Sardauna, aka aike shi Gusau ya duba gundumomi 14 na gabas. To, Gusau ta wannan zamani ba wurin wasa ba ce. Jirgin ƙasa ya riga ya iso ta, ga masu awon gyaɗa, ga injin gurzar auduga, ga baƙi daga ko'ina. Dukiya mai yawa tana fitowa daga ƙasar Sarkin Katsinan Gusau, da ta 'Yandoton Tsafe, da ta Sarkin Fulanin Bungudu, amma inda ake yanka ta sai Sakkwato.

Ga yadda abin yake. Dagaci ya tara haraji da jangali ya kai wa hakimi, hakimi ya kai Baitulmali. Gwamnati ta ɗebi rabonta, saura na En'e. Cikin sauran nan za a biya albashin hakimai, da alƙalai, da malamai, da 'yan doka, a ajiye wani abu don shekarar fari, sa'an nan a waiwayi rijiya, da rumfar kasuwa, da ɗakin shan magani, da gyaran hanya. Kowane gari kuwa gani yake tasa bukatar ta fi. Ga shi kuma yaƙin Hitila ya zo cikin 1939, kaya suka yi wuya, ayyuka da yawa suka tsaya.

A kan kuɗin nan ne aka jarrabe shi. Cikin 1943 aka yi ƙararsa, wai ya ci kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗaurin wata uku. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu a Zariya, aka wanke shi sarai. Jangali dai daɗaɗɗen tarko ne ga ma'aikaci, don dukiya ce mai ƙafa, yau tana nan, gobe ta ƙetare iyaka.

Cikin 1948 ya tafi Ingila ya ga yadda majalisun garuruwansu ke sarrafa kuɗinsu. Ya zama Ministan Ƙananan Hukumomi cikin 1953, a hannunsa aka yi Dokar En'e ta 1954. A shekarun nan ne majalisun gunduma suka yi ƙarfi, ana ware musu wani kaso daga haraji, mutanen wuri su zauna su zaɓi aikin da za a fara yi musu.

Ya zama Firimiyan Jihar Arewa cikin 1954. Sojoji suka kashe shi a gidansa na Kaduna ran 15 ga Janairu, 1966. Allah ya jiƙansa, amin.